Shebur Huɗu a Kabarin Sista Icilda

Ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, 2003, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka cunkusu a wata majami'a da ke Handsworth, cikin Birmingham, wadda aka gina domin mutum ɗari uku. Sun zo jana'izar Icilda Gayle, wadda ta baro Jamaika a 1957, ta yi aikin jinya shekara talatin da takwas, ta bar 'ya'ya uku da jikoki tara.

Babbar 'yarta, Verona, ita ta tsara komai: mutum shida za su yi jawabi, minti bibbiyu. Tana da dalili. Ana rufe maƙabarta da ƙarfe huɗu, kuma ma'aikatan sun gargaɗe ta cewa in aka makara, injin haƙa ne zai mayar da ƙasa. A al'adarsu kuwa dangi ke cike kabari da shebur, mata na waƙa, ba mai tafiya sai ya cika. Marigayiyar ta sha faɗa: "Da hannuna na wanke mutanen garin nan, kada wanda ya rufe ni da mota."

Mai jawabi na shida na zama, sai Fasto ya ɗaga kai ya ce, "Ko akwai mai ƙari?"

Verona ta runtse ido. Da ta buɗe, layi ya kai bakin ƙofa.

Wata ta ce Sista ta yi kwana uku a kan ɗanta mai asma. Wani direban bas ya ce ta ɗura masa shayin ganye mai ɗaci, ta bi shi da faɗa a kan sigari. Duk gaskiya ne, kuma abin da ya fi ƙular da Verona ke nan, don babu wanda za ta ƙaryata ta zaunar.

Biyu da rabi, Kawu Lascelles, ƙanin marigayiyar, ya karɓi makirufo ya faro daga jirgin ruwan da ya kawo su. Bayan minti goma sha bakwai jirgin bai iso tashar Southampton ta Ingila ba.

Verona ta hau dandamali. "Kawu, don Allah ka kawo jirgin nan gaɓa."

"Ke yarinya! Ni da kika yi wa fitsari a kwat? Ban ma zo kan guguwar ba."

"Guguwa ta jira. Inji ba ya jira." Ta fizge makirufon ta fuskanci jama'a. "Mama ba ta taɓa barin ɗan dubiya ya wuce lokaci a asibiti ba. Mai sauran magana ya zo ya faɗe ta da shebur a hannu."

"Oho!" in ji wata tsohuwa daga baya. "Bakin uwar sak."

Uku da minti ashirin suka isa maƙabarta. Shebur huɗu aka ba su. Maza suka tuɓe kwat suna karɓa-karɓa, mata suka ɗauki waƙa, mai inji na gefe yana duba agogo. Kawu ya riƙe shebur guda ya ƙi saki: ya zuba ɗaya, ya jingina, ya ci gaba da labarin guguwa. Verona ta ƙwace wannan ma, ta cire dogayen takalmanta, ta shiga laka tana zubawa tana kuka tana mita.

Kabarin ya cika huɗu saura minti shida. Kawu Lascelles bai sake yi mata magana ba sai bikin Ista na shekarar da ta biyo.