Jar Allurar Don Eleuterio

Takunkumi ɗari biyu. Safar hannu kwali uku. Farasitamol kwali shida. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Takardar shaidar karatun haɗa magani daga Sifen, a naɗe cikin leda. Baƙar rigar makoki ɗaya, ko da yake an binne babana tun kafin in samu izinin fita daga Lima.

Da su nake zaune a jirgin ruwa, kwana na biyu a kogin Huallaga, tsakanin buhunan shinkafa da kejin kaji. Duk wanda tari ya kama sai ya juya wa mutane baya, ya yi wa kogi. Shekara tara rabona da garinmu.

Doña Otilia ce ta tarye ni a bakin ruwa da makullin kantin maganin babana. Ita ta riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata Madrina.

"Nelita, ba sa ba ku abinci ne a can? Cire wannan tsumman in ga fuskarki."

Ban cire takunkumin ba. Washegari na buɗe kanti.

A garinmu ba a zuwa asibiti sai an ga mutuwa. Kantin babana, Don Eleuterio, ake zuwa. Shekara talatin babana bai taɓa ce wa kowa babu ba. Ko me ka kawo, zai shiga da kai bayan labule, ya yi maka jar allurarsa, sau uku cikin kwana uku. Da annoba ta zo ya ci gaba da yi, har ta ɗauke shi.

Layi ya kai har ƙofar coci. Kowa jar allura yake so. Na shiga bayan labule na duba kwalin. Bitamin ne zalla, saura kwalba arba'in da ɗaya. Ba ya kashewa, ba ya warkarwa.

Na fito na gaya musu cutar nan ba ta da magani tukuna. Ga farasitamol saboda zazzaɓi, a sha ruwa, a raba ɗaki da mai tari. Wanda numfashi ya gagara, a kai shi asibitin Yurimaguas, can ne ake da iskar kwalba.

"Ikon Allah," in ji Segundina mai gasa kifi. "Shekara tara a Turai, babu aka koyo mana."

"Ɓoye ta ta yi, sai manyan Lima sun zo," in ji wani daga cikin layi.

"Ranki ya daɗe, likita, ruwan ma na kogi za mu sha ko na Sifen?"

Aka yi dariya, wasu suna tari a ciki. Layin ya watse, ya sake haɗuwa a tsallaken titi, a shagon Braulio mai abincin kaji. Shi yana yi wa mutane allurar tsutsar shanu. Daga inda nake ina hango su suna fitowa suna murza ɗuwawu. A makon nan na wanke wa mutum huɗu ƙurjin da allurarsa ta bari. Ba wanda ya zage shi. Ni ake zagi.

Ranar Litinin da hantsi Madrina ta shigo ba gaisuwa.

"Wence ba ya iya kwanciya."

Don Wenceslao mijinta ne, masassaƙin kwalekwale, shi ya koya mini iyo. Padrino nake ce masa. Na same shi a kujera, bakinsa a buɗe, leɓensa ya yi toka-toka. Na maƙala masa na'urar. Saba'in da tara. Mai lafiya yana haura casa'in da biyar.

"Padrino, gobe da safe akwai jirgi. Za ka shiga."

"In bar gidana in je in mutu a tsakar asibiti?" Sai da ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa. "Maƙwabcinmu Fasabi ya tafi. Ko gawarsa a leda ba a dawo da ita ba."

"Wasu sun dawo da ƙafarsu."

"Yi masa allurar babanki," in ji Madrina.

"Bitamin ce, Madrina. Ba abin da za ta yi."

"Ke ce ba ki san abin da take yi ba. Ita ta tashe ni daga zazzaɓin da ya kusa kai ni, kina cikin zanen goyo."

"Iska yake buƙata."

"To ki ba shi iskar."

Na cire na'urar daga yatsansa.

"Kin gani," ta ce. Ta ɗauki lemarta. "Braulio ba ya musu da tsofaffi."

A bakin ƙofa na tare ta. Na ce zan yi masa, da sharaɗi ɗaya: gobe ya shiga jirgi. Ta rantse da Budurwa Maryamu. Shi ma ya gyaɗa kai. Na koma kanti na ɗauko kwalba ɗaya, na zo na yi masa. Da ya ga jan ruwan yana shiga sirinji sai kafaɗunsa suka sauka.

"Hannun ubanta," ya ce.

Da safe na je da maza biyu da ragar kwanciya don a ɗauke shi. Na same shi ya sha romon kaza rabin kwano, Madrina tana share tsakar gida.

"Ya ji sauƙi. Dubi idonsa."

Na maƙala na'urar. Saba'in da huɗu. Na nuna mata.

"Wannan abin naki bai san Wence ba. An fara allura, kuma a ɗauke mutum a tsakiya? Babanki bai taɓa yarda a tsallake kwana ba. Saura biyu."

"Kin rantse."

"Na rantse kafin in ga ta karɓe shi."

Jirgi ya yi ƙaho sau biyu. Na roƙe ta, na yi mata tsawa, na durƙusa gaban Don Wenceslao. Ya dafa kaina ya ce in daina ɓata gwiwar wandona. Mazan da na kawo suka naɗe ragarsu. Muna ji ƙarar injin ta yi nisa. Wani jirgin sai Asabar.

Na ƙi yin ta biyu. Madrina ta kira Braulio. Ranar Alhamis da rana Don Wenceslao ya rasu a kan kujerar.

Juma'a na buɗe kanti na tarar da layi ya wuce coci. Labari ya zaga cewa allurar tana nan, ta kuma tayar da Wence har ya sha romo, da an cika masa uku da yanzu yana sassaƙa. Segundina ce a gaba, ta kawo mini kifi a ganye. Bayanta mijinta ne, jingine da bango, leɓensa toka-toka.

"Dakta, a yafe mana abin da baki ya faɗa. Uku za ki yi masa, ka da ki tsaya a ɗaya."

"Gobe akwai jirgi."

"In an gama ukun sai a gani."

Na dubi layin. Na dubi tsallaken titi, Braulio yana ɗaga ƙofar shagonsa. In na yi musu allurar, ba za su shiga jirgi ba. In na hana, can za su tsallaka, kuma ba za su shiga ba. Saura kwalba arba'in a bayan labule.

Na ajiye kwalin farasitamol a kan dakali. Na koma ciki, na ja ƙofar, na sa sakata. Segundina ta fara bugawa.

"Babu jar allura a kantin nan," na ce ta cikin katako. "Ba zan ƙara yi wa kowa ba."