Wanda Ya Riƙe Tsani

Ranar da Barry Tattersall ya zo aron tsanina, matata Maureen ta bi ni har ƙofa ta ce, "Clive, tsanin nan zai jawo mana abin da ba za mu iya ɗauka ba." Na ce mata ai tuta ce kawai. Da ma na saurare ta.

Shekara ashirin da shida ina wanke wa mutane tagogi, kuma duk layinmu babu mai dogon tsani kamar nawa. Barry maƙwabcina ne, tare muka yi firamare. Ya zo da kwali cike da tutocin Ingila, farare masu jan kuros, ya ce kowane turken fitilar titi sai ya samu tasa. Ni na riƙe tsani, shi ya hau ya ɗaure. Ba zan yi ƙarya ba, da na ga suna kaɗawa tun daga coci har shagon kifi da dankali, na ji daɗi. Mahaifina soja ne. Shi ya koya wa 'yata Gemma ninke tuta ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

Gemma tana cikin masu gyaran fitilun titi na ƙaramar hukuma. Ranar Lahadi ta zo cin abincin rana kamar kullum. Muna cikin ci ta ce an ba su umarni su sauke duk abin da aka ɗaure a jikin turaku, kuma Talata layinmu ne.

Na ajiye cokali. Na ce, "Ki ce musu ba ki da lafiya."

Ta ce, "Baba, in ban zo ba wani za su turo, shi kuma a shara zai zuba su. Ni aƙalla zan ninke."

Talata da hantsi motarsu ta tsaya a bakin layi, wadda ke ɗaga mutum sama cikin kwando. Kafin Gemma ta yanke igiyar tuta ta uku, mutane sun fito, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ina tsaye a ƙofar gidana.

Barry ya ɗaga kai ya ce, "Gemma, ba ni na koya miki keke a layin nan ba? Yau kuma kin fi ƙarfinmu?"

Ta ce, "Aiki ne, Kawu Barry."

"Kawun wa? Ni ba ni da 'ya irinki."

Sheila mai shagon jarida ta ce, "Ki sauko ki gaya mana sunan ƙasarki, 'yan mata, ko mu taya ki haɗa kaya." Aka yi dariya.

Gemma ta ci gaba da aikinta. Ta sauke goma sha huɗu, ta ninke kowace a kan ƙirjinta kamar yadda kakanta ya nuna mata. Sannan ta ratso mutane ta zo ta ɗora mini su a hannu. Ta ce, "Baba, ka mayar wa masu su. Ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba."

Ita a ganinta girmamawa ce. Ba ta lura cewa duk wayoyin sun juyo kaina ba.

Barry ya ce, "To, Clive. Ga tuta a hannunka, ga tsani a kan motarka. Muna kallo."

Na dubi fuskokin. Babu gidan da ban san tagoginsa ba. A layin nan aka haife ni, kuma ban san yadda ake zama a wani wuri ba. Na kwance tsanin, na jingina shi da turken da ke gaban gidana.

Gemma ta ce a hankali, "Baba, kada ka hau."

Na hau. Na kai wajen mataki na goma sai tsanin ya fara zamewa, domin babu wanda ya riƙe. Hannun kowa yana kan waya, har da Barry. Sai na ji ya tsaya cak. Na leƙa ƙasa, na ga Gemma da rigar aikinta, ta taka matakin farko, ta kama shi da hannu biyu. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Haka ta riƙe har na ɗaure tutar na sauko. Aka yi ta tafi, Barry yana dukan bayana. Ita kuma ta shiga mota suka wuce.

Kafin yamma hoton ya zagaye gari, an rubuta a ƙasa: uba mai kishin ƙasa, 'ya maciya amana. An sa cikakken sunanta. Shugabanninta su ma sun gani, amma abin da suka gani daban: ma'aikaciyarsu tana riƙe wa mutum tsani yana mayar da abin da aka aike ta ta sauke. Ranar Alhamis suka dakatar da ita. Ranar Juma'a ta fito da safe ta tarar an zana jan kuros da fenti a kan farar motarta, tun daga gaba har baya.

Na je mashaya na tambayi Barry wa ya yi. Ya turo mini kofin giya ya ce, "Haba jarumi, ado aka yi mata. Sha, yau ni na saya."

Na sha. Wannan ma sai na faɗa.

Lahadi Maureen ta jera faranti biyu kawai. Na je gidan da Gemma take haya, mai gidan ya ce ta kwashe kayanta tun Asabar. In na kira wayarta sai ta yi ta ƙara har ta katse.

Tutar tana nan a gaban gidana, ruwa ya fara cin bakinta. Mako biyar ke nan ban san inda 'yata take ba, kuma ban san ko Maureen ta sani take ɓoye mini ba.