Hancin Arvid Ya Buɗe

A ɗakin ƙasa na asibitinmu da ke birnin Duluth, mu huɗu ne ke mayar da ciwon mutane lamba. Likita ya rubuta abin da ya gani, mu kuma mu laƙa masa lambar da kamfanin inshora ke ganewa. Kamfanin bai san majina ba, bai san ciwon kai ba, lamba kawai ya sani.

Darlene Vukelich ce ke zaune kusa da ni. Mijinta Arvid, direban motar share ƙanƙara, ya daɗe yana fama da kumburin kogon hanci. Da baki yake numfashi, fuskarsa a kumbure, ba ya barci, ita ma ya hana ta. Likita ya ce sai tiyata. Inshora ta ce ba ta ɗaukar tiyata sai ciwon ya zama daɗaɗɗe, wato J32, kuma ciwo ba ya samun wannan sarautar sai ya yi mako goma sha biyu cur bai ɗaga ƙafa ba. Ƙasa da haka J01 ne, sabon ciwo, a je a sha magani.

Sai Darlene ta shiga renon ciwon nan kamar jariri. Ta ɓoye tukunyar turirin da yake sirace da ita. Ta daina sa barkono a miya, kada hancin ya buɗe. Kullum da safe mukan tambaye ta ya mai jiki, ta ce, "Da sauƙi, ai jiya ko runtsawa bai yi ba."

Ana saura ƙiris makonnin su cika, Arvid ya je ganin likita. Shi kuwa dattijon coci ne, ko yankan shi za a yi ba ya ƙarya. Likita ya ce, "Har yanzu ba wani canji?"

"To, Likita, makon jiya dai ya buɗe min kwana uku. Har ƙanshin kofi na ji!"

Baki shi ke yanka wuya. Likita ya rubuta cewa ya warke ya sake kamuwa. Doka ta hana Darlene taɓa bayanan mijinta, don haka a kwamfutata abin ya faɗo. Ta leƙo ta kafaɗata ta karanta.

"Lorna, ke da ni fa ba ta ɓaci. Ɗan yatsa ne kawai zai zame ya danna J32."

"Ya zame ni kuma in zame daga aiki? Likitan ya rubuta baro-baro."

"Kofi! Mutum da girmansa ya rasa abin shinshinawa sai kofi!"

Na danna J01, raina a ɓace, don na san Arvid na shan wuya ba ta wasa ba. Lissafi ya koma farko. Darlene ta koma kujerarta tana hararata.

Dab da tashi daga aiki wayarta ta yi ƙara, ta sa a lasifika don hannunta na kan aiki. Muryar Arvid ce, kamar mai magana daga cikin bokiti.

"Darlene, albishirinki. Tun rana ya toshe gam, duka ɓangaren biyu. Har idona ciwo yake."

Ta dafe ƙirji, hawaye na zubo mata. "Mun gode Allah! Yanzu ka saurare ni, tsoho. Kada ka kuskura ka sake warkewa ba ka shawarce ni ba."

Mu ukun muka miƙe muka taya ta murna, har da tafi.