Ƙasar Gindin Gwaiba

Shekara shida Maimunatu ta yi tana renon itatuwan bayan ɗakinta a Sunke: gwanda huɗu, lemun tsami ɗaya, da gwaiba guda da ta ɗauko dashenta daga gidan Innarta a Gummi. Da ruwan wanke-wanke take shayar da su lokacin rani, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. Gwaibar ta fi su albarka. Ɗiyarta Zulai, 'yar shekara uku, a inuwarta take wuni, duk wadda ta faɗo ta tsince ta kai baki.

Wata Talata da hantsi Zulai ta sandare a tsakar gida, idanunta suka juye. Ubanta Almustapha ya kwashe su a babur sai asibiti a Anka. Aka ɗebi jini, likita ta ce gubar dalma ce.

"Dalma kuma?" in ji Maimunatu. "Mu ba a taɓa daka dutsen zinare cikin gidanmu ba!"

Bayan kwana biyu ta bar yarinyar hannun ƙanwarta, ta biyo ma'aikatan lafiya zuwa gida. Sun zo da wata na'ura da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan gubar. Tsakar gida lafiya lau. Bakin rijiya ma haka. Da suka isa gindin gwaiba, mai na'urar ya gwada har sau uku, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Baiwar Allah, wagga ƙasa daga ina ta hito?"

"Ta gidan ga ce mana."

"Ba ta gidan ga ba ce," in ji Almustapha daga bayanta.

Ta juyo. Ya jingina da katanga. Ya ce bara, da ruwan sama ya tone saiwoyin gwaibar ta roƙe shi ciko, bai je fadama ba. Bayan gari ya ɗebo ƙasa buhu uku, inda masu zinare ke zubar da abin da suka wanke. Ya gan ta da laushi kamar gari, ya ɗauka tun da an wanke ta ba sauran illa.

Maimunatu ta dubi tafin hannuwanta.

"Ni na baje ta," ta ce a hankali. "Har na gode maka."

"Wallahi ban sani ba."

Salati kawai take maimaitawa.

Washegari aka kwashe ƙasar da shebur har kusan gwiwa, aka zuba sabuwa. Saiwoyi da yawa sun yanke, itacen ya zubar da ganye cikin mako guda.

Zulai ta yi kwana goma sha tara a asibiti. Ta dawo tana tafiya da ƙafarta, tana cin abinci. Maganar da ta fara iyawa ce ba ta dawo ba tukuna, kuma likita ta ce sai dai a yi ta kawo ta gwaji.