Kunnen Baba Mato

Muryar yarinyar ta fito daga bakin lasifika da ƙarfin da ya sa awakin da ke kwance a gindin katanga suka miƙe a guje.

"Mijina! Mijina, ina wuni!"

Duk layin ya ji. Matan da ke dawowa daga famfon tuƙa-tuƙa suka tsaya da bokitai a ka suna ƙyalƙyala dariya, mai shagon da ke tsallaken hanya ya leƙo yana tambayar ko walima ake yi ba a gayyace shi ba. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne wanda aka yi abin dominsa. Baba Mato yana jingine da filo a zaurensa, kumburarrun ƙafafunsa a miƙe kan tabarma, ya karkata kai yana jira.

"Ja'afaru," ya ce, "kashe abin nan. Ni gurnani kawai nake ji a ƙirjina kamar an ta da inji. Yarinya kam ban ji ta ba."

Ja'afar ya zare wayar daga jikin ampilifaya, ransa a ɓace. Shi ne fa mai hayar lasifika a Durun. Maulidi, wa'azi, saukar karatu, daga nan har Gammo da Kabo, kayansa ake ɗauka, kuma yakan bugi ƙirji ya ce babu kunnen da ya fi ƙarfin ƙahon lasifikarsa. Ga shi yau kunnen maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu, ya kunyata shi a gaban awaki.

Baba Mato mai injin niƙa ne. Tun Ja'afar yana yawo ba wando yake jin ƙarar injin nan, kuma injin ya ci kunnen mai shi, sai dai cin da ya yi na son kai ne. Tsawa yana ji, jiniya yana ji, muryar maza ma in an ɗan ɗaga yana ji. Amma kukan 'yan tsaki da maganar mata da ta yara sun daɗe da ɓace masa. Dela matar Ja'afar takan ce da gangan ya zaɓi irin wannan kurumta, don kada ya ji masu ƙorafin gari bai yi laushi ba.

'Yarsa ɗaya ce, Badi'a, tana aure can Fatakwal. Ta haifi mace aka sa mata sunan marigayiya Sa'ada, matar Baba Mato, shi ya sa ake kiranta Ummi. Sau ɗaya aka kawo ta gida, tana jaririya. Yanzu ta yi baki, irin bakin da ba ya rufuwa, kullum sai ta aiko wa kakanta saƙon murya a wayar da uwarta ta saya masa. Kamar kowace jika, mijinta take ce masa, shi kuma amarya. Sai dai wasan jika da kaka ba ya daɗi sai ana mayar da martani, shi kuwa Baba Mato amsa ɗaya gare shi ga kowane saƙo: Allah ya yi miki albarka. Ta tambaye shi sunan kyanwarsa, Allah ya yi miki albarka. Ta ce za ta yi yaji, Allah ya yi miki albarka. Har yarinya ta gaji ta ce da uwarta ita ta fasa auren.

Da ciwo ya kwantar da shi aka kai shi asibiti a Gwarzo. Likita ya ba da magani, ya ce a koma gida a yi ta lallaɓa shi, kuma kowa ya gane nufinsa. Badi'a ta fara shirin tahowa, amma hanyar ba ta kwana ɗaya ba ce. Tun ranar da aka dawo da shi, tsohon bai nemi nama ba, bai nemi a kira masa kowa ba. Abu ɗaya ya ce yana so, ya ji muryar jikarsa.

Ja'afar ya fara da abin da ya fi sauƙi. Yakan saurari saƙon, sannan ya sunkuya saitin kunnen tsohon ya maimaita da ƙatuwar muryarsa.

"Cewa ta yi, mijina, na yi kewarka."

Baba Mato ya kalli gemun Ja'afar daga sama har ƙasa. "Allah ya tsare ni da mata mai gemu. Ni ba maganar nake nema ba, Ja'afaru. Muryar nake so."

Dalilin ɗauko ƙaho ke nan, ga kuma yadda ta kaya.

Yana naɗe wayoyinsa a tsakar gida Dela ta dawo da kwanon kunun da ta kai wa tsohon, ko rabi bai sha ba. Ta ajiye ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, kai ma dai da abin haushi. Mutumin da inji ya kurmantar, shi za ka kawo wa wani injin?"

"To ya kike so in yi? Na ƙure ƙarar gaba ɗaya, har bes na cika masa."

"Ai shi ya sa. Shekara nawa ina gaishe shi yana ce min bai ga kazata ba, a zatonsa cigiya nake? Kai kuwa ko tari ka yi ta bayan katanga sai ya ce sannu. Mai kauri yana ji. Siririyar ce babu."

Ja'afar ya tsaya da waya a hannu. Abin kunya, ya san wannan tun ba yau ba. Duk ranar saukar 'yan matan Islamiyya da hannunsa yake rage bes mai kaurara murya ya ƙara tirebul mai siranta ta, don kada karatun yara ya nutse. Bai dai taɓa kawo wa ransa cewa kunnen mutum ma yana da irin wannan saitin ba.

"Dama ina tunanin haka," ya ce.

"Na ga alama," in ji Dela, ta ɗauki kwanonta.

Ya so ya sake gwadawa da ampilifaya, amma ƙaho na fili ne, mutumin da ke kwance kuma a kunne ya kamata a zuba masa magana. Don haka ya ɗauki wayar tsohon ya zauna a inuwar darbejiya. Ja'afar da manyan yatsu, wayar kuwa irin ta shafawa ce. Ya kunna fitila bai yi niyya ba, ya ɗauki hoton ƙafarsa, ya kira wani dillalin gyaɗa a Kara sai da suka gaisa har iyali. Can ya ga wata alama mai haƙora kamar giyar inji, ya ce wannan kam gidan gyara ne. Ya shiga, ya bi inda aka yi hoton lasifika, yana haɗa baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya, har ya ci karo da kalmar da ke rubuce a goshin ampilifayarsa, ikwalaiza, wato wurin daidaita murya. Ya danna, ta ƙi buɗewa. Ya sake dannawa, ta yi kamar ba da ita ake ba. Sai da ya ari iyafis ɗin da Dela ke sawa a kunne tana sauraren rediyo ya cusa a jikin wayar, sannan ta buɗe.

Ga su nan kuwa, sanduna a tsaye a jere, kowace da ɗigo a tsakiya. Na hagu na kauri, na dama na siriri. Daɗi ya kama shi, kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tashar wani gari.

Bayan la'asar ya koma zauren. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska ta fara kaɗa ganyen masarar bayan gida. Numfashin tsohon ya ƙara nauyi. Ja'afar ya sa masa iyafis, ya tura ɗigogin dama duka zuwa sama, ya kunna.

Baba Mato ya zabura. "Kai! Sauro ka zuba min a kunne?"

"Yi haƙuri, Baba. Amma ka ji wani abu?"

"Na ji. Sai dai ya wuce wuri. Sassauta."

Ja'afar ya sauke na ƙarshen kaɗan, ya ja na hagu biyu ƙasa, ya sake kunnawa. Tsohon ya rufe ido. Hannunsa na dama ya tashi daga kan bargo, yatsu suna murza iska, daidai yadda yake murza kan injinsa in ana son gari ya yi laushi.

"Har yanzu da tsaki. Matse na tsakiyan nan. A'a, ka yi yawa. Koma baya. Ƙara kaɗan."

Haka suka yi ta yi, mai niƙa yana ba da umarni, mai lasifika yana bi, saƙo ɗaya ana ta maimaita shi. Dela ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a ka. Can sai yatsun suka tsaya cak.

"Bar shi nan," ya ce a hankali. "Kada ka taɓa. Maido daga farko."

Ja'afar ya riga ya haddace saƙon. Ummi tana cewa Mama ta ce ba shi da lafiya, ya sha magani ko da ɗaci. Tana tambaya wai da gaske ne inji ya cinye masa kunne. Sannan ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce, in na zo za ka ji ni?

Baba Mato bai buɗe ido ba. Dariya ta fara girgiza masa ƙirji, hawaye kuma yana gangarawa ta gefen ido zuwa cikin kunnen. Ja'afar ya kawar da kai yana duba wani abu a bango.

"Ji tsiwa," in ji tsohon. "Mai sunan sak." Ya nemi a sake sa masa. Da ya ƙare sai ya buɗe ido ya dubi Dela. "Yarinyar nan mura take yi. Hancinta a toshe yake. A faɗa wa uwarta ta daina barinta wasa da ruwa."

Dela ta rufe baki da gefen mayafi. Su da suka ji saƙon nan har da ƙaho, babu wanda ya lura.

Ya ce a ɗaukar masa amsa. Ja'afar ya danne wurin ɗauka, ya riƙe wayar kusa da bakinsa, tsohon ya yi magana yana hutawa tsakanin kalmomi. Kafin saƙon ya tafi ruwa ya kece, sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba a irin wannan ranar.

"Ba komai," in ji Baba Mato. "Gobe ma rana ce. Sake sa min amaryata."

Washegari da hantsi Dela ta kai masa kunu, ta tarar da shi a jingine yadda aka bar shi bayan asuba, iyafis a kunne, waya a kan ƙirji. Ta yi sallama bai amsa ba, amma wannan ba sabon abu ba ne gare ta, don haka sai da ta durƙusa ta taɓa hannunsa. Salatinta Ja'afar ya jiyo ta bayan katanga.

Da lasifikarsa aka sanar da gari. Bayan azahar aka kai shi, ƙasa a jiƙe, mutane har daga Kabo. Wayar kuwa Ja'afar ya kashe ta ya sa a aljihu, bai iya ko kallonta ba.

Badi'a ta iso ana gobe sadakar uku, idanu a kumbure, Ummi tana riƙe da gefen zaninta tana jan hanci. Da masu gaisuwa suka ragu, Ja'afar ya yi sallama ya shiga tsakar gidan, ya tsugunna daga gefe.

"Badi'a, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Akwai saƙon da ya bar wa yarinyar nan, bai samu tafiya ba."

Ta sa iyafis ɗaya a kunne, ya kunna mata. Nan take fuskarta ta canja, ta zare shi.

"Kawu, wannan ba muryar Baba ba ce. Wani ne kamar yana magana ta cikin gwangwani."

Sai a lokacin Ja'afar ya tuna. Ya karɓi wayar ya bi hanyar da ya koya, giyar inji, hoton lasifika, har zuwa sandunan. Ɗigogin suna nan yadda suka bar su, na hagu a ƙasa, suna hawa zuwa dama kamar matakala, na ƙarshe ya ɗan sauko. Saitin da ya fito da muryar yarinya shi ne ya yanke kaurin muryar tsoho. Ja'afar ya daɗe yana kallonsu. Wannan ne kunnen Baba Mato, babu wani wurin da ya rage a duniya sai nan, kuma ya ce kada a taɓa. Wallahi zuciyarsa ba ta so ba.

Ummi ta matso ta dafa gwiwarsa. "Ina mijina?"

Ya sa babban yatsansa ya sauke ɗigogin dama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga na hagu, har suka daidaita a layi guda. Ya zare iyafis ɗin don kowa ya ji, ya kunna. Muryar ta fito da kaurinta da gajiyarta, Badi'a ta kifa kai a kafaɗar Dela.

"Amarya, na ji ki. Na ji ki tas. Inji ya ci kunne, amma ya rage min naki. Ki sha maganin mura. In kin zo ba sai kin yi ihu ba, ko raɗa kika yi zan ji."

Ummi ta karɓi wayar da hannu biyu, ta juya wa mutane baya, ta je ta zauna a bakin ƙofar zauren, kusa da takalmansa. Ta kai wayar daf da bakinta ta fara raɗa. Duk tsakar gidan babu wanda ya ji abin da take faɗa.