Tukunya a Cikin Dusar Katako

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti aka hana shi gishiri da soye-soye saboda hawan jini, cin abinci ya zama rigima a gidanmu. Yaya tana fita wajen aikin ɗinki da sassafe, ni kuma ina shagon kafinta sai yamma. In mun dawo a gajiye, sai ta dafa abin da ya sawwaƙa a gurguje, ba gishiri. Baba ya kai cokali ɗaya baki ya ture kwanon.

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne."

"Baba, likita ne fa ya ce," in ji Yaya.

"To ki kai wa likitan ya ci."

Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Rannan kuma na hango shi a bakin titi gaban mai soya kaji, yana lasar yatsu. Na wuce kamar ban gan shi ba. Amma na ƙudura a raina sai Baba ya ci abincin gida, ya kuma cinye.

Yaya ta ce abin da ba gishiri sai ya daɗe yana dahuwa a hankali, albasa ta narke, ƙashi ya saki daɗinsa, sannan zai ciwu.

"Amma wa zai yi gadin tukunya? Baba? Ya yi gyangyaɗi mu dawo mu tarar da toka?"

A shagonmu akwai wani abokin aiki, Dogo, wanda ba ya ganin kwanon mutum ya wuce. Don gudunsa nake tura nawa cikin tarin dusar katako. Wata rana aiki ya sha mini kai, ban tono shi ba sai da rana ta yi sanyi, na ji shi da ɗuminsa kamar ba a daɗe da saukewa ba. Na tsaya ina ta kallon kwanon har Dogo ya ce, "Malam, in ba ka ci, akwai mabuƙata."

Na haɗa akwati da ragowar katako, na ciko buhu da dusa na kai gida. Da safe na zuba jiƙaƙƙen wake a tukunya da ƙashi mai nama, da albasa mai yawa, tumatir, citta da tafarnuwa.

"Bar shi ya tafasa sosai tukuna," in ji Yaya, "kar ka kashe mana tsoho."

Ya tafasa ya ƙara tafasa, na rufe, na binne tukunyar a dusa, muka fita.

Da yamma wake ya yi luguf, yana ta tururi. Baba ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Auta, kujera ka dafa mini?"

Ashe dusar da na kwaso ta gefen da muke shafa wa kujeru fenti ce, warin ya ratsa har cikin romon. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Zubar da shi muka yi.

"Ka haƙura, Auta. Ka yi ƙoƙari."

"Ai ya dahu, Yaya. Dusar ce kawai."

Na jira aka yanka sabon farin katako, na tara dusarsa da kaina, na shanya ta ta sha iska. Na roƙi Yaya ta ɗinka mini 'yan matasai, muka cusa dusar a ciki, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, sauran a kewaye, tsohon bargo a kai. Tukunyar ma sai da na naɗe ta da zane mai tsabta.

Wannan karon da na ɗaga murfi, ƙamshin citta ne ya cika falon. Na zuba wa Baba, muka koma gefe muna yi kamar ba shi muke kallo ba. Ya kai cokali. Ya sake kaiwa.

"Ba gishiri," ya ce.

Cokalin dai bai tsaya ba. Ya tsotse ƙashin, ya karkata kwanon ya shanye romon. Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu.

Baba ya miƙo kwanon ba tare da ya dube ni ba.

"Ƙara mini kaɗan. Gobe kuma ka sa dankali a ciki."

Na ƙara masa, na tashi na je na jiƙa waken gobe.