Muciya Ta Saman Zana

To, shi dai Jatau mai yankan riɗi ne. Tun ranar da 'yan shifta, ɓarayin nan na kan iyaka, suka harbe abokinsa Cindo a gabansa a gonakin Fashaga, bai ƙara riƙe lauje ba. Da ya ji ƙanshin ɗanyen riɗi sai gwiwoyinsa su saki. Shekarar da gwamnatin Khartum ta yi sulhu da 'yan tawayen Kudu ce, kowa na murna, shi yana zaune a gida a garin Gadarif. Ga lorin masu yanka zai tashi nan da sati uku, da shi ko ba shi, kuma abincin gidansa na shekara a yankan nan yake.

Duk unguwar mutum ɗaya ce ta san maganin, wata ma'aikaciyar asibiti da ta koyo a Khartum. Ba allura, ba ƙwaya. Ka tuno abin da ya same ka, tana kaɗa yatsa dama da hagu, idonka na bi, har abin ya rage suka. Sai dai fa ita ce Hajiya Ummusalama, uwar matarsa Adama. Shekara goma sha ɗaya Jatau bai taɓa ɗaga ido a gabanta ba.

Zaman farko ta kaɗa yatsa har kafaɗarta ta gaji. Shi kuwa tabarma yake kallo.

"Adama," in ji Hajiya, "tambayi mijinki me ya gani."

"Ki ce wa Inna tururuwa biyu," in ji Jatau.

Kashegari Hajiya ta koma bayan zana ta ɗago muciya sama. Muciya kam ba ta haifi matar kowa ba. Jatau ya bi ta da ido, dama, hagu, yana tuno ranar. Adama na tsakiya tana kai magana tana kawowa, alhali kowa na jin kowa. Maƙwabta suka ce Hajiya ta fara tuƙa iska.

A zama na biyar ya yi kuka sosai, sannan ya ce, "Ki ce mata na ga Cindo a tsaye. Yana zuba sukari cokali shida a shayina."

Ranar tafiya Adama ta kawo masa reshen riɗi har hanci. Gwiwa ɗaya ta ɗan motsa, ɗayar ta riƙe. Ya ɗauki laujensa.

"Ki ce wa Inna na gode," ya ce wa ƙasa.

"Ki ce masa na ji," in ji zana. "Halas, shi ke nan, ya yi sauri, lori ba surukinsa ba ne."